Tokar da Muka Zuba a Filinka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Mai Usur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, da roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai cewa Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka bar ta da shi. Gero ya yi kyau bana, shinkafar fadama kuwa ruwa ya ci mai yawa. Jikarka Hauwa'u ɗiyata, wadda kake tsokana da amaryarka, ta shiga aji huɗu. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Na kuma san mutane za su karanta ta a shafina, wasunsu ma sun san duk wanda zan ambata. Su karanta. Da kai nake magana, domin tun ina yarinya in abu ya tokare mini wuya, gabanka nake zuwa in zauna har ya faɗa.

Baba, an karɓe filinka. Filin wasan makarantarmu, gonar gadonka da ka bayar da hannunka, an ba 'yan kasuwa haya, sun mai da shi wurin ajiye manyan motoci da baburan da ke jigilar kaya zuwa bakin iyakar Benin. Kuma ba baƙo ne ya buɗe musu ƙofa ba. Bello ne. Yaya Bello naka, wanda shi ne hedimasta yanzu, ni kuma ina koyarwa a ƙarƙashinsa. Zan gaya maka yadda aka yi, amma bari in fara da abubuwan da ya ce ya manta, tunda ni ban manta ba.

Ka tuna irin dariyar da ake maka a garin nan? Sauran malamai suna shiga aji da babbar riga da alli, kai kuwa ka fito da wando iya ƙwauri da farin takalmin roba, ga usur a wuya. A rumfar mai shayi ana cewa gwamnati ta rasa aikin yi, ta ɗauki ƙato da gemunsa don ya riƙa tsalle da yara. Mu 'ya'yanka, 'ya'yan malamin wasa ake ce mana, kuma ba da yabo ake faɗa ba.

Iyaye kan zo har ƙofar gida su ce, yaron da ya ɗebo ruwa da asuba, ya yi noma, ya kai shanu gulbi, wane motsa jiki kuma ya rage masa? Ba ka taɓa ɗaga murya ba. Sai ka gyara zama ka ce: "Can gona jikin yaro na ubanai na. Gida na uwatai na. Nan ga hili kaɗai anka bar mai shi, shi san mi shika iyawa." Su tashi suna girgiza kai, kai kuma gari na wayewa ka sake hura usur ɗinka.

A lokacin makarantar ba ta da fili. A burtalin da ya bi ta bayan azuzuwa muke gudu, hanyar da shanu ke bi su gangara ruwa. Fenti babu, sai ka ce kowane yaro ya zo da tokar murhun uwarsa a gwangwani. Ka ɗaure igiya a turaku, mu bi ta a durƙushe muna zuba toka, har layi ya fito fari tas a kan jar ƙasa. Sau nawa muna gamawa garke zai ɓullo, ya bi ta kan aikinmu, wata saniyar ma ta tsaya ta yi mana kashi a tsakiyar layi? Mu yi kamar mu fashe da kuka, kai kuwa ka cire hula ka gai da mai shanun da karyayyen Fulatancinka, wanda su kansu Fulanin suke riƙe ciki in sun ji, sannan ka juyo ka ce mana ai gobe ma iyayenmu za su yi girki. Washegari mu sake kawo toka.

A bayan layin nan na koyi tsayawa ƙafata tana ƙaiƙayi, ba zan motsa ba sai an hura. Na koyi a wuce ni ban ja rigar wadda ta wuce ni ba, kuma ka san halina, wannan bai zo mini da sauƙi ba. Kai kuma a nan kake duba mu ɗaya bayan ɗaya. Daga gudun yaro kake gane bai karya ba, ka raɗa masa ya zaga gidanmu Inna ta ba shi kunu. Akwai yarinyar da kullum ƙwallo ke dukan fuskarta, ka ce a kai ta Bagudo a duba idonta, ashe allon aji ma da ƙyar take gani.

Shekarar da manoma da makiyaya suka ɓata kan ɓarnar gona, har manya suka daina gaisawa a kasuwa, ba ka yi wa kowa wa'azi ba. Gudun miƙa kara ka haɗa, ka sa ɗan manomi ya miƙa wa ɗan makiyayi, shi kuma ya miƙa wa ɗan masunci. Wanda ya ƙi kallon hannun ɗan'uwansa, karan ya faɗi, su sha kaye tare. Ba a jima ba suka gaji da shan kaye. Da aka je gasar makarantu a Zagga, iyayen nan da ba sa magana da juna a bayan mota ɗaya suka tafi, suka dawo muryarsu a dushe.

Mu mata kuwa, da aka ce ba za a bar mu mu yi gudu ba, sai ka ware mana lokacinmu, ka ce mu zo da dogon wando da mayafi, ka ɗauko Inna ka dasa ta a tabarma a bakin layi ta zama mai gadi. Inna, wadda a rayuwarta ba a taɓa ganin ta yi gudu ba sai ranar da kunama ta faɗo mata daga rufin ɗaki, ita ce ta koma tana yi mini tsawa wai ina jan ƙafa.

Amma dokarka da ta fi kowacce ita ce ta na ƙarshe. Ba a tafa wa kowa a wurinka sai na ƙarshe ya taka layi. Ko na farko ya iso tun ɗazu yana haki, kowa zai riƙe tafinsa. Kai kuma ka koma da gudu wurin wanda aka bari a baya, ka jera da shi kafaɗa da kafaɗa, kana daidaita masa numfashi: "Shaƙa. Saki. Ga ni nan." Sai ya iso a tafa wa kowa gaba ɗaya. Masu saurin gudu suna ƙorafi, ka ce da su sun riga sun sami nasu, iska ta buge su da daɗi.

Wa ya fi kowa cin moriyar dokar nan in ba Bello ba? Maraya ne a hannun kakarsa, ciki kumbure saboda ciwon saifa, ƙafafu kamar karan dawa. Tulu yara ke ce masa. Da ya ji usur sai ya sulale ya ɓuya a bayan aji. Ka gano maɓoyarsa, ba ka dake shi ba, ka kamo hannunsa ka tsayar da shi a layi. Tun daga ranar har ya gama firamare, kai ne a gefensa. Bai taɓa zuwa na farko ba, ko kusa. Amma ya daina ɓuya, cikin ya saɓe, ya fara kallon mutane a ido. Ranar da ya fara kaiwa layi ba tare da ya tsaya a hanya ba, faɗawa ya yi jikinka yana kuka, ya ɓata maka farar rigarka da majina. Ni na wanke rigar, shi ya sa nake da tabbas.

Daga nan ya zama ɗan gida. Allah bai ba ka ɗa namiji ba, sai mu mata, kai kuma ba ka taɓa nuna mana ka damu ba, amma na ga yadda fuskarka ke buɗewa in ka ce "ɗana Bello". Inna ta ware masa kwanonsa. Kai ka tsaya masa har ya shiga kwalejin horon malamai, ka raka shi tasha da buhun garin rogo a kafaɗarka. Ni kuwa yayana nake ce masa da zuciya ɗaya, ranar aurena ma shi ya riƙe mini akwati.

Da kakanmu ya rasu, gonar da ke manne da makaranta ta faɗo a rabonka. Ƙasa ce mai albarka, gero yakan fi mutum tsawo a cikinta. Ka ce za ka ba yara su yi gudu. Danginka suka ce ka taɓu. Ka sayi goro ka nufi zauren tsohon mai gari, tare da liman da dattawa, ka kuma kira Bello, wanda bai daɗe da dawowa a matsayin sabon malami ba. Inna ta tare ka a bakin ƙofa ta ce a rubuta a takarda. Ka yi dariya ka ce: "Takarda gara ka cin ta. Na ɗauki yaro shaida. Mu tsohhi za mu tahi, shi za ya daɗe." A gabansu ka faɗi sharaɗinka: fili na makaranta ne muddin yara na wasa a kansa, ba gini, ba noma, ba haya. Aka shafa fatiha, aka raba goro.

Da yamma kuka dasa bishiyoyin dogon yaro a kusurwoyin filin. Na gabas Bello ne ya dasa shi, shi ya riƙa ba shi ruwa har rani ya wuce. Tun daga nan duk ƙarshen damina kake kiran gayya, samari su zo da fartanya su share ciyawa, Inna ta dama kunu a babbar tukunya, yara su kawo toka. Makarantun Geza da Bahindi har aron filin suke yi in gasa ta zagayo.

Ranar da ka rasu, Bello ne ya fi mu kuka. A tsakar gidanmu, gaban Inna, ya zauna yana ba da labarin ranar zauren nan tiryan-tiryan, har kalar goron da ka saya ya faɗa. Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko usur ɗinka ta sa masa a hannu, ta ce haka ka bar wasiyya. Ya sumbaci igiyar ya rataya a wuya.

Yanzu bari in gaya maka labarin amaryarka. Bara ta faɗo daga amalanke a hanyar gona, ta karye a cinya. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar ta ɗan gajarta. Likita a Bagudo ya ce maganinta yanzu shi ne ta taka, ta yi tafiya, ta yi gudu. Ita kuwa tsoron ƙafar take ji kamar ba tata ba. In an tashi hutun tara sai ta zauna a aji ita kaɗai tana kallon taga. Yarinyar da kake cewa ta fi ƙarfin kishiyarta Inna da surutu, ta koma sai an yi da gaske take buɗe baki. Abu ɗaya ke sa ta murmushi, labarin Kaka da Tulu. Ta ji shi har ta haddace, amma kullum sai ta ce in sake. Na yi mata alkawari cewa bana, ranar gudu bayan an cire amfanin gona, za ta tsaya a layi, ni kuma zan jera da ita yadda kake yi.

Maganar karɓe filin ba ta zo rana ɗaya ba. Da farko Bello ya ce a mayar da darasin motsa jiki na 'yan manyan aji ya zama ƙarin lissafi, wai iyaye sakamakon jarrabawa suke tambaya. Daga baya na ƙananan aji ya koma sharar harabar makaranta, wai ai shara ma motsa jiki ce. Na je ofis na yi magana, ya ce in yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Sai iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa biyu. Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka fara zirga-zirga a ofishinsa, ana ta nuna filin da baki, wai da kuɗin hayarsa za a yi rufi.

Ba zan yi masa ƙarya a gabanka ba. Rufin nan babu shi, kuma a ɗaya daga cikin azuzuwan nake koyarwa. Na san yadda rana ke dukan ƙeyar yara, na san yadda muke kwasar littattafai da gudu in hadari ya taso. Su ma direbobin ban ga laifinsu ba, abinci suke nema, an nuna musu fili shimfiɗaɗɗe a bakin hanya. Abin da na ce shi ne a nemi rufi ta wata hanya, a kira gayya, a bi iyaye, a bi tsofaffin ɗalibai, kada a taɓa abin da aka bayar da sharaɗi.

Ni da Inna muka kai kuka wurin mai gari na yanzu, ɗan wancan. Mutumin kirki ne, ya tara jama'a a zaurensa. Ya ce magana ɗaya ce: in akwai wanda ya halarci kyautar, ya shaida cewa da sharaɗi aka yi ta, to fili ya zauna yadda yake, ko wa ya zo. Mahaifinsa ya rasu, liman ya rasu, dattawan nan duk sun bi ka. Ido ya koma kan mutum ɗaya. Baba, ina zaune a tabarma a bakin ƙofa kusa da Inna, wallahi har murmushi nake. A raina na ce yau dabarar tsohon nan ta yi rana, ga yaron da ya ajiye.

Mai gari ya ce: "Malam Bello, kai kaɗai ka rage. Da sharaɗi anka ba da hilin ga, ko kyauta ta ba sharaɗi?"

Ya gyara hula. Ya dubi tabarma. Ya ce: "Ranka shi daɗe, an daɗe. Ban tuna ba."

Na buɗe baki in ce ai a gidanmu ya ba da labarin, Inna ta danne mini gwiwa. Ni ban halarta ba, ita ma ba ta halarta ba, abin da muke da shi ji ne kawai. Ta yafa mayafinta ta ce: "Tashi mu tahi." Ka san har bayan Bello ya yi aure ya tara iyali ba ta daina aika masa fura ranar Juma'a a kwanonsa ba. A ranar ta wanke kwanon, ta goge, ta kife shi a ƙarƙashin gado.

Da ya ce ya tuna, amma a ganinsa rufin aji ya fi fili, da na yi masa gardama har muryata ta dushe, in koma gida ina jin haushinsa, ina kuma ganin girmansa. Wannan saɓanin ra'ayi ne, ana yinsa tsakanin wa da ƙanwa. Amma ya dubi tabarma ya ce bai tuna ba. Ya mai da kai tsohon da ya yi kyauta a banza, ya mai da Inna maƙaryaciya a gaban maza. Ka ƙi takarda saboda shi, Baba. Ka ɗora amanarka duka a kansa don kana ganin kai ka gina shi da hannunka. Na yi fushi da shi, kuma ka yafe mini, na ɗan yi fushi da kai ma, don da ka ji maganar Inna da ba mu kai ga haka ba.

Da na koma gida Hauwa'u ta tare ni da tambayar ko an bar filin. Na ce a'a. Ba ta yi kuka ba, ta ce to shi ke nan, dama ƙafar tana mata ciwo. Wannan "shi ke nan" ɗin ya fi mini zafi a kan duk abin da aka faɗa a zaure. Na ga tana shirin komawa bakin tagar nan ta zauna, zaman da ban san ranar tashinsa ba.

Aka ce bayan cin kasuwa motocin marmara za su zo su zube a daddaɓe wurin. Sai na ce da 'yan ajina, su kaɗai, wanda ya ga dama gobe ya zo da tokar murhun gidansu. Ban nemi izinin kowa ba, ban kuma yi tsammanin abin zai wuce ajina ba. Ashe magana ta bi gidaje. Da safe na tarar da yara tun daga 'yan aji ɗaya har na shida, kowa da gwangwaninsa, wasu a ƙwarya, wata ma a murfin kwano. Iyayensu mata ne suka cika musu, matan da suka yi gudu a gabanka da mayafi. Ba a kira gayya ba bana, amma wasu samari sun riga mu zuwa bayan sallar asuba, sun share ƙarangiya daidai inda layi zai bi, sun tafi abinsu. Muka ɗaure igiya, muka durƙusa, layi ya fito fari tas kamar kana tsaye a kanmu. Usur yana wurin Bello, don haka da murfin tukunya da ludayin ƙarfe na tayar da su.

Da aka zo kan 'yan matan aji huɗu, Hauwa'u ta tsaya a bayan layi. Na buga murfi. Sauran suka tashi kamar an kori 'yan awaki, kafin ta yi nisa sun isa. Baba, yaran nan yawancinsu ba su san fuskarka ba, ni kuma ban gaya musu komai ba, amma ba wanda ya tafa. Wani ɗan ƙarami ya ɗaga hannu zai fara, yayarsa ta kama hannayen ta riƙe. A gida aka koya musu.

Na yar da murfin, na tattare zani, na nufe ta. Kada ka yi mini dariya, ɗiyarka ta yi jiki, rabona da gudu tun kafin a haifi yarinyar. Na jera da ita na ce: "Shaƙa. Saki. Ga ni nan." Na faɗa, na sake faɗa, daga nan numfashina ya ƙare, ni ce ma nake neman wanda zai ce mini shaƙa. Muka ci gaba a haka, tana ɗingishi ina haki, har muka zo daidai dogon yaron gabas.

Bello yana tsaye a inuwarsa, kusa da babur ɗinsa. Ban san lokacin da ya fito daga ofis ba. Na ɗauka tsawa zai yi mana. Ba ni yake kallo ba, ƙafar yarinyar yake kallo, kuma bakinsa yana motsi. Ba sauti, amma na san motsin nan kamar yadda na san sunana. Shaƙa. Saki. Daidai da takunta, yadda kake yi, ba sauri ba jinkiri. Shaƙa. Saki. In ya zo kan sauran sai leɓensa ya tsaya, ya haɗiye, ya koma farko. "Ga ni nan" ɗin ne ya kasa fitowa.

Ya tuna, Baba. Duk ya tuna.

Hauwa'u ta taka layin toka da gajeruwar ƙafar, filin ya ɗauki tafi da guɗa har direbobin da ke bakin hanya suka miƙe suna leƙe. Ta faɗo jikina tana kuka tana dariya, ta ɓata mini hijabi yadda wancan ya ɓata maka riga. Da na ɗago kai na duba gindin bishiyar, ba kowa, sai babur.

Motocin sun zo kamar yadda aka ce. Sun zube marmara a kan layukan, yanzu ƙaurin man fetur ke shigo mana aji. An fara kafa katakon rufi, ba zan ɓoye maka wannan ba. Ni da shi muna gaisawa a makaranta, gaisuwar aiki, ya ce Malama in ce Hedimasta. Bakina ya ƙi furta Yaya. Ran nan ya aiko da usur ɗinka a ƙulle cikin baƙar leda, ba saƙo ba komai. Inna ta kwance, ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta kira Hauwa'u ta rataya mata a wuya.

Amaryarka yanzu da ƙafarta take zuwa makaranta, ba ta riƙe hannuna, kuma ta dame mu da hure-hure tun da sassafe har Inna na barazanar ƙwace abin. Ta tambaye ni inda za a yi gudun baɗi. Na ce burtalin kakanki yana nan, shanu ma suna nan, za mu gaisa da masu su mu zuba tokarmu.

Na san abin da za ka yi da kana raye. Za ka dubi Bello ka ga shi ne aka bari a baya yanzu, ka koma da gudu ka jera da shi. Ni ban kai nan ba, Baba. Na gwada a raina, ƙafata ta ƙi. Ka yi mini uzuri, wataƙila wata rana.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka fiye da filin da ka bayar. Allah Ya sa kowane taku da yaro ya yi a kansa ya zame maka haske. Allah Ya ba Inna haƙuri da lafiyar gwiwa, Ya ƙarfafa ƙafar amaryarka. Wanda ya ce bai tuna ba kuwa, Allah Ya ba shi ikon faɗin abin da ya sani tun yana da numfashin faɗa. Amin.

Taka har kullum,
ɗiyarka Rabi, wadda ta wanke rigar.